Kumatun Rahama

Ni ce nake murƙushe ƙwayar. Gara in faɗi wannan tun farko, kada in kai tsakiya zuciyata ta karaya in ɓoye. Kowace safiya kafin in tafi lakwal, wato makaranta, nakan ɗora ƴar farar ƙwaya cikin cokali, in danne ta da bayan wani cokalin har ta zama gari, in kaɗa a kunun Rahama. Wata huɗu ina yin haka.

Rahama ɗiyar yayata ce, Badi'a. Shekarunta biyu da rabi a lokacin. Auren Yaya da Sadisu, wani direban babbar mota a Birnin Konni, ya mutu tun yarinyar tana goye, sai suka dawo gidanmu a Illela, tamu ta arewa, ba ta Najeriya ba. Da yake ɗiyar fari ce, Yaya ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. "Yarinyar nan" take cewa, tana kallon wani wuri. Don haka reno ya faɗo kan Innarmu da ni. Amma na sha kama Yaya, in tana zaton ba kowa, ta cusa hanci a wuyan yarinyar tana shaƙa kamar mai zaɓen turare.

Siririya Allah ya yi Rahama, irin jikin gidanmu. Lafiyarta lau, wuni take tana bin kaji. Kakarta ta wajen uba, Hajiya Zara, ita ce ba ta yarda ba. Duk bayan ƴan watanni takan zo a mota, ta zauna kan kujerar da muke arowa a maƙwabta, ta kama dantsen yarinyar da yatsu biyu kamar mai taya akuya.

"Wanga tsinke hwa? Kyauta, ko dai hatsinku na bana bai yi ba? Ki hwaɗa mini, ba abin kunya ba ne, in aiko da buhu."

Kyauta sunan Innarmu ne. Ta yi dariyar yaƙe ta ce, "Haka jikinta yake, Hajiya."

"Jikin wa? Mu dai gidanmu ba a haihuwar kara. In na dawo na iske ta haka, da ita zan koma. Ɗiyarmu ta, an yaye ta, alfarma munka yi muku."

Kowa ya san ɗa na uba ne.

Ran kasuwa Inna ta dawo da wani ɗan kwali daga wurin masu tallar magani a tire. Deksa ake ce mata, ita ce ƴan mata ke sha gab da aure don su cika zane. Mai maganin ya ce wa yaro rabi ya isa. Inna ba ta karatu, Yaya kuwa ba ta so ta sani, sai aka ɗora mini aikin, wai ni ce mai ilimin gida.

Ƙwaya ta yi aiki. Cikin sati uku Rahama ta koma ci kamar gara, tana kukan tuwo tun yana kan wuta. Kumatu suka fito, fuska ta yi faɗi kamar faifai, ciki ya turo riga. Ƙafafun dai suna nan sirara, ta daina bin kaji, wani gashi mai laushi ya tsiro mata a gadon baya. To wa ke duba baya? Maƙwabta sai tubarkalla suke yi. Da ƙibar ta tsaya, Inna ta ce a mayar da ita ƙwaya guda.

Ina da wata ɗabi'a, duk takardar da ta shigo hannuna sai na karanta, ko ta ƙunshin ƙosai ce. A cikin kwalin akwai ƴar takarda mai ƙananan rubutu da Faransanci. Na mai da ita alamar shafi a littafin nahawuna, na karanta ta ya fi sau ashirin. Layi ɗaya ne ya ƙi fita daga raina: wanda ya daɗe yana shan maganin nan, kada ya daina farat ɗaya.

Ana saura kwana huɗu Sallar Layya Hajiya Zara ta zo. Tana ganin Rahama ta tafa hannu.

"Yauwa! Yanzu jini ya hwara magana. Kumatun Sadisu ke nan sak!"

Ta ce za ta tafi da ita Konni kwana goma, danginsu na Sakkwato za su zo Sallah, su ga jikarta. Ba mai bakin hanawa. Muna ɗaki ni da Inna muna haɗa kayan yarinyar, na matsa kusa. Ina da in'ina, in na tsorata takan shaƙe ni.

"Inna, ta-takardar ta ce ba a dainawa farat ɗaya."

"Sai mu ƙulla ƙwayar cikin kayanta, mu ce Hajiya ga abin da muka ba jikarki? Ke wace irin wawuya ce? Kwana goma na. Ko ramewa ba ta yi kamin ta dawo."

"Amma Inna..."

"Karatu ya sa ki hauka. Ruhe mini baki."

Na rufe.

Kashegarin Sallah da sassafe Sadisu ya kira wayar Yaya. Ya ce kwana biyu Rahama tana amai ba ta cin komai, jiya zazzaɓi ya rufe ta, yau ta langaɓe, tana asibiti. Muka sami mota da ƙyar, ni da Inna da Yaya. Na ɗauki littafina, don ba na fita ba littafi. Muka shiga Konni wajen ƙarfe goma sha ɗaya, gari ya cika da ƙamshin suya, yara na ta wucewa da kwanonin rabon nama.

Rahama tana kwance a gadon ƙarshe na ɗakin yara, an sa mata ƙarin ruwa a hannu biyu, ga robar iska a hanci. Kumatun suna nan, amma sun yi fari-fari kamar toka. Na taɓa ƙafarta. Ɗakin kamar tanda, ƙafar kuwa sanyi kamar gindin randa. Hajiya Zara na zaune a kan kujera kusa da kanta, Sadisu na tsaye.

Likitar mace ce, ba ta girme wa Yaya sosai ba, Dokta Ummul-Khairi. Ita kaɗai ce ke aiki ranar da wani majo, wato babban ma'aikacin jinya, sauran sun tafi hutun Sallah. Ta danna farcen Rahama ta saki, tana ƙirgawa a hankali. Farcen ya daɗe fari kafin jini ya dawo.

"Wace ce uwar?"

Yaya ta sunkuyar da kai. Ga tsohuwar surukarta a zaune, ga maganar ɗiyar fari. Inna ta matso.

"Ni ce kakar. Ni ka renonta."

"To Inna, ki ji. Ƙwayar cuta ta shiga jininta, jinin ya daina zagawa yadda ya kamata. Mun yi ƙarin ruwa sau uku, mun ba ta maganin cutar, sukarinta ya faɗi mun ɗaga shi. Wannan da ke ɗiga yanzu adiranalin ne, mai tayar da bugun jini. Amma tansiyonta, wato ƙarfin bugun jinin, ya ƙi tashi."

Ta juya yarinyar kaɗan, ta bi gashin bayan da yatsa, ta dubi siraran ƙafafun, ta dubi fuskar.

"Tambaya ɗaya zan yi, ku ji tsoron Allah. An taɓa ba yarinyar nan deksa? Maganin ƙiba?"

Hajiya Zara ce ta riga kowa. "Haba ɗiyata! Mi za a yi da shi? Wagga ƙiba gado ta. Sadisu, nuna mata hoton nan naka kana jinjiri." Ya lalubo a waya ya miƙa. Wani ƙaton jariri ne cikin kwando, kumatu kamar an hura.

Likitar ta duba, ta mayar, ta juyo wajen Inna.

"Ba don in kunyata kowa nake tambaya ba. Akwai wasu ƴan tsokoki biyu a kan ƙoda, su ke fitar da abin da ke riƙe jiki in ciwo ya yi tsanani. In an daɗe ana ba yaro deksa sai su daina aiki, kamar gidan da aka saba kawo wa tuwo daga waje har murhunsu ya mutu. Ranar da aka daina kawowa, ba wuta, ba tuwo. In haka ne, akwai allurar da zan yi mata yanzun nan, idirokortizon. Kwalba uku suka rage mini, ga yara cike da ɗaki, kuma ba kowane yaro take wa amfani ba, wani ma ƙara wa cutar ƙarfi take yi. In ba a ba ta deksa ba, sai in jira in ga aikin adiranalin tukuna. Shi ya sa nake son gaskiya."

Inna ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danna.

"Wallahi tallahi, ban da kunu da tuwo da nonon akuya, ba abin da ke shiga bakin yarinyar ga."

Likitar ta dubi Yaya. Yaya ta ja hijabi ta rufe fuska. Ta dube ni. Na dubi bangon littafina. Daidai nan wata mata ta ƙwalla ihu a can ƙarshen ɗakin, ɗanta ya fara jijjiga, likitar ta ruga.

Akwai agogo a bango, sama da ƙofa. Sha ɗaya da kwata.

Ban san yadda ake rubuta awa biyu ba. Abin da na sani, tsofaffin nan biyu ba su yi shiru ba. Hajiya ta ce, "Kyauta, ki hwaɗi gaskiya, da ciwonta kunka ba ni ita."

"Da ƙahwarta ta shiga motarku, Hajiya. Hannunku ta kwanta."

"Awo, mu munka saba kashe ɗiya ke nan."

"Ni ban ce ba. Amma wanda ya ci shi ya san daɗin miya."

Sadisu ya ce, "Don Allah ku bari," ya fita amsa waya. Majo yana zuwa ya ɗaura ƴar robar awo a dantsen Rahama, ya matsa, ya saurara, ya girgiza kai, ya rubuta. Rahama tana wani ɗan nishi kamar mage. Yaya ta manta da kunya, ta durƙusa ta riƙe ƙafar yarinyar tana murzawa. Na lura bakin yatsun hannun Rahama na hagu sun fara duhu, kamar an sa mata lalle ya kama da yawa.

Da Yaya ta fita famfo jiƙa tsumma, na bi ta.

"Yaya, ki faɗa."

Ba ta juyo ba. "In na hwaɗa, sun ɗauke ta har abada."

"In ba ki fa-faɗa ba kuma..."

Ta juyo ta make mini baki da jiƙaƙƙen hannu. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar.

"Allah zai tashe ta. Ki yi mini baki ki gani, Wasila. Ke ba ki haihu ba."

Muka koma. Ƙarfe ɗaya da ƴan mintoci nishin ya tsaya. Tana numfashi, amma majo ya tsunkule ta ba ta motsa ba. Ya ɗaura robar, ya matsa, ya sake matsawa, ya cire abin sauraron daga kunne bai rubuta komai ba.

Likitar tana wanke hannu a kusurwa. Ban san lokacin da na isa wurinta ba. Na buɗe baki, maganar ta maƙale, sai "de-de-de" nake yi kamar kaza. Sai na buɗe littafin, na zaro takardar na miƙa mata. Ta karanta layin sama kawai.

"Tun yaushe?"

Na ɗaga yatsu huɗu.

"Wata huɗu? Kullum?"

Na gyaɗa kai.

"Yaushe aka daina?"

"Ra-ranar da aka taho da ita."

Na so in roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Na shirya maganar tun ina tahowa, da Hausa da Faransanci. Kafin in haɗa ta, ta wuce ni.

"Majo! Idirokortizon, maza!"

Ta fasa ƴar kwalbar, ta haɗa, ta zuƙa, ta tura ta cikin robar da ke hannun Rahama a hankali, tana kallon agogo. Sai da ta gama ta juyo, takardar na hannunta.

"Awa biyu. Awa biyu kuna tsaye kuna kallonta tana tafiya, da sunan Allah a bakinku!"

"Mi ne ne wannan?" in ji Hajiya Zara, ta zare takardar daga hannun likitar. Na ga fuskar likitar ta canza, kamar sai yanzu ta tuna su wa ke ɗakin. Sadisu ya karɓa ya karanta wa uwarsa sunan maganin.

Na zaci Hajiya za ta yi ihu. Ba ta yi ba. Ta ninke takardar gida huɗu, ta buɗe jakarta ta saka, ta rufe. Sannan ta dubi Inna daga sama har ƙasa.

"Kyauta, ashe kiwon layya kunka yi mini."

Inna ba ta dube ta ba. Ni take kallo.

Da la'asar majo ya sami tansiyo. Ƙafar ta fara ɗumi daga dunduniya. Kafin rana ta faɗi Rahama ta buɗe ido ta ce, "Ruwa." Yaya ta fashe da kuka, ta kira sunanta da ƙarfi a gaban kowa, "Rahama, Rahama," ba wanda ya ce mata ta yi rashin kunya. Likitar ta ce ba allurar kaɗai ba ce, da ƙarin ruwan da sauran magunguna da ikon Allah, amma ba don ita ba da ba a kai magariba ba.

Kwana goma sha shida Rahama ta yi a asibiti. Aka mai da ita kan maganin sha, ana ragewa kaɗan-kaɗan har sati da yawa, wai sai murhun nan ya sake kamawa. Yatsu biyu na hannun hagu, ƙaramin da na kusa da shi, bakinsu ya bushe ya yi baƙi, aka yanke daga gaɓar farko. Na tambayi likitar ko awa biyun nan ne suka ci su. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Ta dafa kafaɗata ta ce na yi ƙoƙari. Ni dai na san ƙarfe nawa suka fara duhu.

Ba a je gaban alƙali ba. Dattawa suka zauna a zauren gidan su Sadisu, Hajiya ta aiko da takardar aka ajiye kan tabarma, aka ɗauko Rahama aka nuna hannunta. Kawunmu da ya zo daga Illela don ya yi magana, yana ganin hannun ya kawar da kai. Aka yanke yarinya ta zauna Konni. Uwa za ta iya zuwa ganinta da Sallah, a gaban Hajiya, kuma kada ta zo da abin ci ko na sha.

A gida Inna ta gaya wa maƙwabta bakin Wasila ne ya raba ta da jika. "Da ta yi shiru, da allurar nan ta hwarko ta tashe ta. Ƴar boko, ta sai da mu don a ce ta iya karatu." Har yau in ta ga cokali biyu a hannuna sai ta ce, "Aje, kada ki kai mu jandarma." Yaya kuwa ba ta zage ni ba. Ta daina kiran sunana ne kawai. "Yarinyar nan" take cewa yanzu, tana kallon wani wuri, kuma wannan ba kunya ba ce.

Da ƙaramar Sallah ta zagayo Yaya ta ce ba za ta iya zuwa ta zauna kamar baƙuwa gaban ɗiyarta ba. Inna ta ce ƙafarta ba ta sake taka gidan. Aka ɗinka ƴar riga, aka ce in kai, tun da ni da mutanen Konni mun zama ɗaya.

Na iske Rahama a tsakar gida tana bin zabbin Hajiya da gudu. Kumatun sun tafi, gashin baya ya zube, ta koma siririyarta ta da. Na durƙusa na kira ta. Ta tsaya ta dube ni, ta sa guntayen yatsun a baki, ta koma bayan zanin wata mai aiki. Ba ta gane ni ba.

Hajiya Zara ta karɓi rigar ta jujjuya ta aje gefe. Ta jawo yarinyar, ta kama dantsenta da yatsu biyu.

"Dubi tsinken da kunka bar mini. Nama, madara, ƙwai, ba abin da ba ta ci. Jiya matan Sakkwato sunka zo, wata har tana tambaya ko ɗiyar mai aiki ta."

Ta saki yarinyar, ta aiki mai aikin ɗebo ruwa. Da muka rage mu biyu ta jawo jakarta kan cinya, ta sassauta murya.

"Ke mai karatu. Ku ƙwaya guda kunka riƙa ba ta, ko? Shi ya sa. In rabin rabi ne hwa, kuma ba a daina ba, shi ma yana illa?"

Jakar a buɗe take. Na hango takardar a ciki, a ninke gida huɗu, gefenta ya yi laushi don yawan buɗewa.

"Zai kashe ta, Hajiya."

Ko harafi ɗaya bai maƙale mini ba. Ta ja zik ɗin jakar.

"To, tambaya na yi. Tashi ki tahi kada mota ta bar ki. Ki gai da Kyauta."

Ina fita na ji tana kiran mai aikin, tana cewa a dama wa yarinya kunu.